Zaka fara ganin saikolojist mai zaman kansa? Ga yadda abun yake tafiya

Mutane da yawa sun riga sun san suna buƙatar wanda zasu zauna su yi magana da shi. Barci ya ƙi zuwa, gaba na faɗuwa ba dalili, abinci ya daina daɗi, ko kuma mutum ya wayi gari abu kaɗan sai ya hau matarsa da yara da faɗa. Sun sani sarai. Abun da ke tsayar da su shine ba su san me ake yi a cikin ɗakin nan ba, wani yana zaton allura za'a danna masa, wata tana tsoron kar a ce ta haukace labari ya kai gidan mijinta, wani kuma gani yake kuɗi kawai zai zubar a yi masa nasihar da kakarsa ma zata yi masa kyauta. Toh bari mu bi abun daki-daki, tun daga neman mutumin har ranar da zaku yi sallama.

Mataki na farko, ka san wa kake nema

Nan ne ake yawan cakuɗa abubuwa. Saikayatris likita ne, ya yi karatun likitanci sannan ya ƙware a ɓangaren ƙwaƙwalwa, shi ke rubuta magani kuma shi ke iya kwantar da mutum a asibiti. Saikolojist na asibiti kuwa masanin halayyar ɗan Adam ne, yawanci ya yi digiri a saikoloji sannan ya ƙara da mastas a ɓangaren kula da marasa lafiya, aikinsa gwaji ne da magana da koya maka dabaru, a Najeriya ba ya rubuta magani. Sai kuma kansila, mai ba da shawara, irin wanda ake samu a makarantu ko kan harkar aure. Kowa da inda ya fi ƙarfi.

In abun da ke damunka ya kai ga jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko kwana da kwanaki ba barci kuma ba ka jin gajiya kana ta surutu da kashe kuɗi, ko tunanin kashe kai da ya yi ƙarfi, dan Allah kar ka tsaya jiran ranar ganawa da kowa, asibiti zaka nufa a ranar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Dawanau a Kano, na Maiduguri, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Amma in damuwa ce, fargaba, waswasi, raɗaɗin rashi, abun da ya faru da kai ya ƙi barin ranka, rikicin aure, nan saikolojist yake da amfani sosai.

Na biyu, ka tabbatar mutumin na gaske ne

Wannan wajen nake so ka bashi muhimmanci wallahi, saboda yanzu kowa zai iya buɗe shafi a Instagram ya sa hoto da kwat ya kira kansa masanin ƙwaƙwalwa bayan ya yi kwas ɗin sati biyu a intanet. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi likitan da ka yarda da shi ya haɗa ka da wani, ko ka je sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa ka tambaya, da yawa daga cikin masu aiki a can suna ganin mutane a waje bayan sun tashi. In ka samu suna, ka tambaye shi kai tsaye: me ka karanta, a wace jami'a, a ina ka yi horon ganin marasa lafiya, kana cikin ƙungiyar masu wannan sana'a ta NACP? Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, zai amsa maka cikin minti ɗaya. Wanda ya fara kame-kame ko ya nuna ka raina shi, ka gode masa ka ƙara gaba.

Ka tambaya kuma ko ya saba aiki da irin matsalarka. Wani ya fi ƙwarewa kan shaye-shaye, wata kan yara, wani kan waɗanda suka ga tashin hankali kamar harin 'yan bindiga ko garkuwa. Sai maganar yare, wadda mutane ke rainawa. In da Hausa kake kuka a zuciyarka toh ka nemi mai jin Hausa in da hali, don akwai abubuwan da in ka ce zaka faɗe su da Turanci sai su fito a wanke, ba nauyin da suke da shi a ranka. Ke kuma 'yar'uwa in kin san ba zaki iya sakin jiki gaban namiji ba, ki faɗa tun farko ki nemi mace, ba laifi bane ba kuma ƙauyanci bane.

Na uku, ku gama maganar kuɗi tun kafin ka zauna

Mu dai muna da kunyar tambayar farashi, amma nan ba wajen kunya bane. Nawa ne zama ɗaya, minti nawa ne, zaman farko kuɗinsa daban ne, kafin zama ake biya ko bayan an gama, in wani uzuri ya taso ban zo ba ya ake yi? Da yawansu suna da dokar cewa in baka sanar da wuri ba, misali kwana ɗaya kafin lokacin, kuɗin ya tafi, saboda sun riga sun ware maka awar sun hana wani. Farashi ya bambanta ƙwarai tsakanin Abuja da Kano ko Zariya, da tsakanin ofis da ta waya, don haka kar ka ɗauki abun da wani ya biya a matsayin ma'auni. Abun da zaka lissafa shine kuɗin zama da yawa, ba guda ɗaya ba. In aljihunka ba zai ɗauki duk sati ba ka faɗa masa gaskiya, wasu suna rage wa ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi, wasu zasu mayar da shi duk sati biyu su ƙara maka aikin da zaka riƙa gwadawa da kanka tsakanin zama da zama. In kana da inshorar lafiya ta wajen aiki ka kira su ka ji ko tana ɗaukar wannan. In duk bai yiwu ba, asibitocin gwamnati da na ambata suna da saikolojist kuma sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai layi da jira.

In ta waya ko bidiyo zaku yi, ka nemi wajen da ba mai jin ka. Wannan a gidajenmu ba ƙaramin aiki bane, yara na shigowa, ana sallama, uwar miji na tsakar gida. Wasu a mota suke zama su rufe gilas. Ka sa abun kunne, ka yi caji, ka sayi data isasshe, ku kuma yi yarjejeniya in netwok ya yanke waye zai kira wani.

Na huɗu, daren da gobe zaka je

Ka ɗauki takarda ko wayarka ka rubuta abu uku ko huɗu da suka fi damunka, da lokacin da suka fara, da duk maganin da kake sha har na gargajiya da na barci da ka saya a kemis. Dalili shine da zarar ka zauna aka ce "me ke tafe da kai", kanka zai iya ɗaukewa fes. In ka taɓa yin gwaje-gwaje a asibiti ka tafi da takardun. Kuma in ka ji kamar ka fasa da safe, kusan kowa haka yake ji, ka dai tashi ka tafi.

Na biyar, zaman farko

Ɗaki ne kawai. Kujeru biyu, wataƙila ɗan teburi, kwalin tishu a gefe, agogo a inda shi zai iya gani. Ba gado, ba allura, ba mai ɗaure ka. Za'a fara baka fom ka cike, suna, shekaru, lambar wanda za'a kira in wani abu ya taso, da takardar amincewa da zaka sa hannu. Ka karanta ta kafin ka sa hannu, in da Turanci ne kuma wani waje ya shige maka ka ce a fassara maka. Zama yawanci minti 45 zuwa awa ɗaya ne, na farko yakan fi haka tsawo.

A nan zai yi maka bayanin sirri, in bai yi ba kai ka tambaya. Ƙa'idar aikin ita ce abun da ka faɗa a ɗakin nan yake tsayawa, ba ya gaya wa matarka ko mijinki ko oga a wajen aiki, ko da kuwa Baba ne yake biyan kuɗin. Amma akwai iyaka kuma gara ka san ta tun yanzu: in ya ga ranka ko ran wani na cikin haɗari na gaske, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta ba da umarni, dole ya yi abun da zai kare rai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta yi maganar haƙƙin mara lafiya ciki har da sirrinsa da neman amincewarsa. Tunda garuruwanmu kowa ya san kowa, ka tambaye shi ma, in mun haɗu a ɗaurin aure ko masallaci ya zamu yi? Da yawa zasu ce ba zasu fara gaishe ka ba sai in kai ka fara.

Daga nan sai tambayoyi, kuma suna da yawa gaskiya. Yaushe abun ya fara, ya barcinka, ya cin abinci, ya aiki ko karatu, waye a gidan, ya kuka taso, akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi, kana shan wani abu, sigari, wiwi, tiramol, kodin, giya. Zai iya tambayar mu'amalar aure. Zai tambaye ka ƙarara ko ka taɓa tunanin gara ka mutu ko ka cutar da kanka, kar ka firgita, kowa ake yi wa wannan tambayar, kuma amsa ta gaskiya ba ta nufin za'a kwashe ka a kai asibiti nan take, so yake ya san girman abun ku tsara yadda zaka zauna lafiya. Wataƙila ya baka wata 'yar takarda mai tambaya tara da ake kira PHQ-9, tana auna damuwa a sati biyun da suka wuce, ko GAD-7 mai tambaya bakwai ta fargaba. Ba jarabawa bace, ba ci ba faɗuwa, ana ajiye makin ne don a gwada da na gaba a ga ko ana samun sauƙi.

Yanzu ga abun da ya fi komai a wajena. An tarbiyyantar da mu da "lafiya lau" da "sai godiya", an koya mana rufa wa gida asiri, kuma abu ne mai kyau a wajensa. Amma in ka shiga ɗakin nan ka biya kuɗinka sannan aka ce ya gida ka ce alhamdulillah komai daidai, ka kwashe minti 40 kana zagaye sai da ya rage minti biyar ka ce "af, akwai ma wani ɗan abu", toh wannan ɗan abun shine ya kawo ka kuma lokaci ya ƙare. Mutumin nan ba boka bane, ba zai duba fuskarka ya gane ba, da abun da ka bashi zai yi aiki. Ba wai dole ka zazzage komai ranar farko ba, a'a. Kana da damar cewa "akwai wani abu da ya faru amma ban shirya faɗarsa ba tukuna", wannan jimlar kaɗai ta isa, ya san akwai shi kuma zai jira ka. Abun da bana so shine ka ce babu alhali akwai. In kuka ya zo ka bar shi ya zo, namiji ne kai ko mace, tishun nan ba ado aka ajiye shi ba. In shiru ya ratsa kar ka ji dole sai ka cike shi.

Kafin ku tashi zai gaya maka yadda ya fahimci abun, ko ya ce yana buƙatar zama ɗaya ko biyu kafin ya kammala. Zai iya tura ka gwajin jini, don ƙarancin jini da matsalar tayirod (wata 'yar halitta a gaban wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo) suna iya kawo kasala da bugun zuciya da ke kama da damuwa ko fargaba. Zai iya cewa ka haɗa da ganin saikayatris saboda magani, ba korarka ya yi ba, sau da yawa maganin da maganar tare suka fi aiki, kuma magungunan damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu. Bayan ka fito zaka iya jin wasai, zaka iya jin kamar an yi maka duka don gajiya. Duk biyun daidai ne, shi yasa ba'a so ka sa wani babban aiki bayan zaman.

Na shida, aikin kansa

A zama na biyu ko na uku zaku tsayar da abun da kuke so ku cimma. "Ina so in ji daɗi" ya yi faɗi da yawa, zai taimaka maka ku matse shi: in riƙa barcin awa shida, in koma zuwa kasuwa ni kaɗai, in daina dukan yara in raina ya ɓaci. Ka tambaye shi wace hanya zai bi da kai kuma kamar zama nawa yake hasashe. Wadda aka fi amfani da ita ita ce CBT, wato hanyar gyara tunani da ɗabi'a ta magana, wadda wani likita ɗan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, galibi tana ɗaukar zama 6 zuwa 20 gwargwadon matsala. Tushenta shine tunani da ji da aiki suna jan juna.

Ga misali. Kin tura wa ƙawarki saƙo a WhatsApp, ta buɗe, shuɗin maki biyu ya fito, ba amsa har dare. Tunanin da ya faɗo miki: ta gaji da ni, dama kowa gajiya yake da ni. Sai ƙirji ya yi nauyi, kika kashe waya, gobe akwai suna a unguwa kika ƙi zuwa, da baki je ba kuma ba wanda kika gani sai kaɗaicin ya ƙaru ya ƙara tabbatar miki da zancen farko. Saikolojist zai sa ki rubuta wannan a takarda, me ya faru, me kika ce wa kanki, me kika ji, me kika yi, sannan ku zauna ku bincika: mece ce hujjar cewa ta gaji da ke, mece ce hujjar akasin haka, ba ita ce ta zo ta kwana da ke a asibiti ba wancan watan? Ba cewa zai yi ki yi tunani mai kyau kawai ba, koya miki zai yi ki riƙa tuhumar tunanin kafin ki yarda da shi. Sai ya ce satin nan ki je sunan ko na minti 20 ne, ki dawo ki faɗa masa yadda aka yi.

Wannan shine aikin gida, kuma a nan ake samun sauƙin ko a rasa shi. Awa ɗaya ce kuke tare a sati, sauran duk kai kaɗai ne da rayuwarka. In baka yi aikin ba kar ka ƙi zuwa don kunya, ka je ka ce ban yi ba, dalilin da ya hana ka shi kansa abun tattaunawa ne.

Kar ka yi tsammanin zai yanke maka hukunci. "In rabu da shi ko in zauna?" ba zai amsa miki da eh ko a'a ba, zai taya ki duba abun ta kowane gefe ke ki yanke, sai dai in akwai duka da barazana ga rai, nan zai yi maganar tsaronki kai tsaye. Wasu wannan na basu haushi da farko tunda mun saba babba ya ce yi kaza.

Maganar addini kuma, tunda na san tana ran mutane da yawa. Ba wanda zai ce ka bar sallah ko azkar ko addu'a, ko zuwa coci in Kirista ne kai, na kirki ma tambayarka zai yi me ke baka ƙarfi ya gina a kai. In a gida an ce aljanu ne ko sammu kuma ana maka ruƙiyya, ka faɗa masa, kar ka ɓoye don kar ya ga kamar baka waye ba. Neman magani baya kore tawakkali. Abun da kawai ba'a so shine a ce ka ajiye maganin asibiti ba da sanin likita ba, ko a kai ka inda ake duka da ɗauri.

Na bakwai, in tafiya ta yi nisa

Mutane da yawa sukan gudu bayan 'yan zama kaɗan. Wani don ya ɗan ji sauƙi sai ya ce ya warke, wani kuma don abun ya ƙara tsananta, an taɓo tsohon ciwo, mafarkai sun dawo, kuka ya ƙaru. Hakan na faruwa, musamman in ana aiki kan wani mugun abu da ya taɓa samunka, amma kar ka haɗiye, ka gaya masa don ya rage gudu ya fara koya maka yadda zaka kwantar da jikinka. Sauƙin kuma ba a miƙe yake zuwa ba, sati biyu lafiya sai ɗaya ya zo da nauyi, shi yasa makin takardar nan ta PHQ-9 ko GAD-7 ke da amfani, zaka ga inda ka faro da idonka.

In bayan zama uku ko huɗu har yanzu kana jin ba ya saurarenka, ko jininku bai haɗu ba, ka faɗa masa. Na san da nauyi, amma bincike ya daɗe da nuna cewa fahimtar juna tsakanin mutum da mai kula da shi na cikin manyan abubuwan da ke sa a dace. Kana iya cewa ya haɗa ka da wani, kuma rashin dacewa da mutum ɗaya baya nufin hanyar ce gaba ɗaya bata da amfani. Akwai kuma abubuwan da in ka gani ba shawara, tafiya zaka yi: ya fara maganar soyayya ko taɓa jiki, yana kiranki da dare ba dalili, yana baka labarin wasu da sunayensu, yana neman rance ko ku shiga kasuwanci tare, yana amsa waya yana danne-danne kana magana, yana kunyata ka, ko ya yi maka alkawarin warkewa cikin zama biyu in ka biya kuɗi masu yawa a dunƙule. In a ƙarƙashin wani asibiti yake ka kai ƙara wajen shugabanninsa.

Su 'yan gida fa? Kai ke da zaɓin wanda zaka gaya wa. Yana da kyau a samu ko mutum ɗaya da ya sani, wanda zai tuna maka ranar zuwa. Wani lokacin saikolojist zai nemi izininka a gayyato miji ko mata ko Mama zama ɗaya don su fahimci abun, kafin nan ku yi yarjejeniya me za'a faɗa me ba za'a faɗa ba. Ka kuma tambaye shi tun wuri ko ana iya tura masa saƙo tsakanin zama da zama, da inda zaka nufa in abu ya rikice da tsakar dare, don shi ba sashen gaggawa bane, lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, sannan ka san asibiti mafi kusa da kai.

In lokacin gamawa ya yi, ba ɓacewa ake yi ba. Ku yi maganarsa tare, yawanci sai a fara tazara, daga duk sati zuwa duk sati biyu zuwa wata-wata. A zaman ƙarshe zaku rubuta alamomin da in ka gansu ka san abun na neman dawowa, misali barci ya fara yankewa ko ka fara ƙin ɗaga waya, da dabarun da suka yi maka aiki, da wanda zaka kira. Ka ajiye takardar nan inda zaka same ta, ka kuma tambaye shi ya tsarin yake in kana son dawowa zama ɗaya ko biyu nan gaba, ko sai an sake buɗe sabon fayil ko tsohon zai ci gaba.